Shin Ko Kun San? Finafinan Bazarar Amurka da Hukuncin Juma'ar Farko

Shin ko kun san harkar fim a Amurka tana da kakarta? Watanni huɗu ne, daga Juma'ar farko ta Mayu zuwa Litinin ɗin farko ta Satumba. Lokacin zafinsu ke nan, mu kuwa a nan damina ta kankama. Makarantu sun ba da dogon hutu, yara sun cika gida, matasa na neman inda za su wuni. Abin da gidajen sinima ke tarawa a waɗannan watanni yakan kai kusan kashi 40 cikin 100 na cinikin shekara, kuma a 2023 ya haura dala biliyan 4 a Amurka da Kanada kaɗai. Shi ya sa da Mayu ya kama kowa sai ya zama alƙali. Mai sharhi ya yanke hukunci a jarida, ɗan kallo ya yanke nasa a waya tun bai fita daga ƙofar sinima ba, masu lissafin kuɗi su yanke nasu kafin Lahadi ta faɗi. Da yawa daga waɗannan hukunce-hukunce ba sa kai labari.

Da can ma zafi kashe kasuwar yake yi. Ɗaki rufaffe ba taga, ga cunkoso, ga gumi. Wasu gidajen rufewa suke sai iska ta yi sanyi. A 1925 injiniya Willis Carrier ya kafa na'urar sanyaya ɗaki a sinimar Rivoli da ke New York, mutane suka soma yankar tikiti don shan sanyi ko da fim ɗin na banza ne. Tsofaffin gidajen sinima na Kano ba su sha wannan wahala ba: yawancinsu babu rufi a kan 'yan kallo, sai dare ya yi a kunna majigi, abin fargaba kawai hadari.

Shin ko kun san wani kifin inji da ya ƙi aiki ne ya buɗe wannan kaka? Ranar 20 ga Yuni, 1975 kamfanin Universal ya saki Jaws, labarin ƙaton kifin shak da ya addabi wani garin bakin teku. Daraktan, Steven Spielberg, shekarunsa 28. An tsara gama ɗauka cikin kwana 55, aka share 159, kuɗin aikin ya ninka har ya kai kimanin dala miliyan 9. Spielberg ne ya kafe sai an yi aikin a kan teku na gaske, a tsibirin Martha's Vineyard, ruwan gishiri kuwa ya yi ta lalata kifayen inji uku da aka ƙera. Ma'aikata sun raɗa wa kifin suna Bruce, sunan lauyan Spielberg. Da ya ga ba mafita, sai ya riƙa ɓoye dodon: a nuna ƙafafun masu iyo daga ƙarƙashin ruwa, a nuna durom mai ruwan ɗorawa yana gudu a saman teku, kiɗan John Williams mai sauti biyu rak yana matsowa. Ɗan kallo ba ya ganin kifin sosai sai fim ya wuce awa guda. Ni dai a ganina, da injin nan ya yi aiki yadda aka so, da tuni an manta da fim ɗin.

Yadda aka sayar da shi ma sabon salo ne. Al'adar lokacin, fim mai daraja yakan fara da gidaje kaɗan a manyan birane, masu sharhi su yaba, sannan ya bazu a hankali. Wanda ake watsawa ko'ina rana guda galibi wanda ake gudun asirinsa ya tonu ne, a kwashi abin da aka samu kafin labari ya zaga. Universal ya juya lissafin: gidaje sama da 400 rana ɗaya, da tallan talabijin na kimanin dala 700,000. Jaws ya zama fim na farko da ya mayar wa kamfaninsa dala miliyan 100 daga gidajen sinimar Amurka. Peter Benchley, marubucin littafin da aka ɗauko labarin, daga baya ya koma fafutikar kare kifayen shak, don yana ganin shi ya ja musu baƙin jini.

Wata biyu bai cika ba, ranar 15 ga Agusta, 1975, aka saki Sholay a Indiya. Shin ko kun san wannan fim, da kusan babu tsohon ɗan kallon Indiya a ƙasar Hausa da bai san Gabbar Singh ɗinsa ba, masu sharhi sun yi masa jana'iza tun makon farko? Ciniki ya yi sanyi har darakta Ramesh Sippy da marubutansa suka zauna shawarar ko a sake ɗaukar ƙarshen don kada Amitabh Bachchan ya mutu. Suka ce a ɗan dakata tukuna. Kafin a ankara jama'a sun fara komawa karo na biyu da na uku, yara na maimaita maganganun bos a titi. Shekara biyar ya yi ana nuna shi a sinimar Minerva ta Bombay.

Star Wars kuwa da gidaje 32 kacal ya fara, ranar 25 ga Mayu, 1977, don masu sinima ba su ga alamar kasuwa a jikinsa ba. Daraktansa George Lucas ya riƙe haƙƙin kayan wasan yara, abin da kamfanin Fox bai ɗauka da muhimmanci ba. Da Kirsimeti ya zo kamfanin Kenner bai gama ƙera 'yan tsanar ba, sai ya sayar wa iyaye kwali da takardar alkawari a ciki. Kuma aka saya.

Shin ko kun san finafinai biyu da ake koyarwa a makarantun fim yau sun fito rana ɗaya, kuma dukansu sun sha ƙasa? Ranar 25 ga Yuni, 1982 aka saki Blade Runner na Ridley Scott da The Thing na John Carpenter. Rashin sa'arsu, mako biyu kafin nan Spielberg ya saki E.T., labarin wata halitta daga sararin samaniya da ta ƙulla abota da ƙaramin yaro, kowa na fitowa yana share hawaye. Wa zai bar wannan ya je kallon halittar da ke shiga jikin mutum ta tsarge shi? Masu sharhi suka ce The Thing ƙazanta ce zalla, Blade Runner kuma nawa gare shi, ga duhu ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Carpenter har aikin Firestarter da aka riga aka ba shi ya rasa. Kaset ɗin bidiyo ne ya ceto su: aka kalla a gida, aka sake kalla, ra'ayi ya juye. A 1993 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa Blade Runner cikin finafinan da ake adanawa a matsayin kayan tarihi.

Ga wata kuma: Amrish Puri yana da hannu a tsarin shekarun 'yan kallo na Amurka. Shi ne bos a Indiana Jones and the Temple of Doom na Mayun 1984, inda ya zura hannu ya zaro zuciyar mutum tana bugawa. Iyaye sun kai 'ya'yansu bisa alamar da ke cewa yara na iya shiga, suka fito da su a firgice. Mako biyu bayan haka Gremlins ya ƙara rura wutar. Spielberg, mai hannu a duka biyun, ya ba da shawarar a samar da mataki na tsakiya, aka fito da PG-13 a watan Yuli, gargaɗi ga iyayen yaran da ba su kai 13 ba. Yau yawancin manyan finafinan bazara wannan alamar suke nema, don tana barin matasa su shiga ba tare da an kira fim ɗin na yara ba. Af, gwamnatin Indiya ba ta yarda an ɗauki fim ɗin a ƙasarta ba saboda yadda ya zana mutanenta. A Sri Lanka aka yi.

Shin ko kun san akwai mai sharhin da ya yaba finafinai da dama alhali ba a taɓa haihuwarsa ba? David Manning ake kiransa. A tallan finafinan kamfanin Sony, ciki har da A Knight's Tale da The Animal na bazarar 2001, an riƙa buga yabonsa, ana cewa yana rubutu a wata ƙaramar jarida ta jihar Connecticut mai suna Ridgefield Press. Wani ɗan jaridar mujallar Newsweek ya tuntuɓi jaridar, suka ce ba su san shi ba. Ashe a sashen tallan Sony aka ƙirƙire shi. An dakatar da ma'aikata biyu, kuma a 2005 kamfanin ya amince ya ware dala miliyan 1.5 don mayar wa 'yan kallo dala 5 kowane tikiti. Abin dariyar, a lokacin ba a rasa masu sharhi na gaske da za su yaba kowane irin shirme in an kai su otal an ciyar da su.

Shafin Rotten Tomatoes, wanda lambarsa ke iya ɗaga fim ko kayar da shi kafin Juma'a, wani masoyin Jackie Chan ne, Senh Duong, ya buɗe shi a 1998 don tara sharhin finafinan gwaninsa. Mutane da yawa ba su fahimci lambar ba. In an ce kashi 95, ba maki 95 aka ba fim ɗin ba. Ana nufin 95 cikin kowane masu sharhi 100 sun ce ya wuce. Kamar a ɗanɗana wa mutum ɗari miya, kowa ya ce "ba laifi": ta ci kashi 100, amma ba wanda ya nemi ƙari. Fim mai ƙarfin hali, wanda rabi suka haukace a kansa rabi suka tsane shi, sai ya tashi da kashi 50 a kira shi ruɓaɓɓe, don sai an kai 60 ake tsira. A 2016 kamfanin Fandango, mai sayar da tikitin sinima, ya sayi shafin. Mai sayar da tikiti ne ke riƙe da ma'aunin. Ku yi wa wannan fassarar da kuka ga dama.

Akwai ma'auni na biyu da 'yan kasuwar fim suka fi tsoro, CinemaScore. Wani mutum, Ed Mintz, ya kafa shi a ƙarshen shekarun 1970 bayan ya bi yabon masu sharhi ya kalli fim ya fito da takaici. Ana raba wa 'yan kallon daren farko kati su ba da maki daga A+ zuwa F. Sai dai shi ma abin da yake aunawa shi ne ko fim ya ba mutane abin da talla ya yi musu alkawari. Hereditary, fim ɗin ban tsoro na Ari Aster da ya fito a Yunin 2018, masu sharhi kusan duka sun yaba shi, 'yan kallon daren farko suka ba shi D+. Sun zo a razana su su yi ihu su yi dariya, aka ba su baƙin cikin iyali mai hana barci. Duk da haka fim ɗin da aka yi da kimanin dala miliyan 10 ya tara sama da miliyan 80.

Shin ko kun san fim na iya tara dala miliyan 300 kuma a yi asara? Kuɗin tikiti ba duka ke komawa ga mai fim ba. A Amurka gidan sinima na riƙe kusan rabi, a Sin kuwa kamfanin waje kimanin kashi 25 yake samu. Ga kuɗin talla, wanda ba ya cikin kuɗin aikin da ake sanarwa, kuma ga babban fim yakan haura dala miliyan 100. Shi ya sa 'yan harkar ke cewa sai fim ya tara ninki biyu da rabi na abin da aka kashe kafin a fara maganar uwar kuɗi. Gidan sinima kuma ribarsa ta gaske tana wajen gugguru da lemo.

Bazarar 2023 ta tara duk waɗannan darussa wuri guda, don haka bari mu ɗan zauna a kanta. Christopher Nolan ya yi kusan shekara 20 yana aiki da Warner Bros., ya fice cikin fushi bayan kamfanin ya yanke shawarar sakin finafinansa na 2021 a intanet rana ɗaya da sinima. Ya kai Oppenheimer wajen Universal, aka sa masa ranar 21 ga Yuli. Sai ga Warner ya sa Barbie a wannan ranar. Mutane da dama sun ɗauka tsokana ce. Maimakon a rabu gida biyu, 'yan kallo suka mayar da abin wasa: a kalli wanda ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya da rana, a kalli 'yar tsana da yamma. Ƙungiyar masu gidajen sinima ta ce sama da mutum 200,000 sun sayi tikitin duka biyun don rana guda.

Barbie ya buɗe da dala miliyan 162 a Amurka, ya ƙare da sama da biliyan 1.4 a duniya, Greta Gerwig ta zama mace ta farko da ta ba da umarni ita kaɗai a fim da ya haura biliyan. Fentin ruwan hoda da aka shafe wurin ɗauka da shi sai da ya ƙarar da abin da kamfanin Rosco ke da shi a ajiye. Vietnam ta hana nuna shi saboda wata taswira da ta ce tana goyon bayan iƙirarin Sin a kan teku, Kuwait ta hana saboda tarbiyya, Aljeriya ta janye shi bayan an fara nunawa. Hukuncina: rabin farko akwai basira da raha, rabin ƙarshe jawabi ya yi yawa, kuma duk zolayar da yake yi wa kamfanin Mattel, a ƙarshe Mattel ɗin ne ya sayar da 'yan tsana. A bikin Oscar kambu ɗaya ya samu, na waƙa, kuma ba a ko sa sunan Gerwig cikin daraktoci ba.

Oppenheimer ya fi ba masu lissafi mamaki. Awa uku, wani sashe baƙi da fari, yawancinsa maza a ɗaki suna gardama, kuma da alamar da ke hana yara shiga su kaɗai. A takarda wannan ba kayan bazara ba ne. Ya tara sama da dala miliyan 950 a kan kuɗin aiki miliyan 100, alhali bai hau matsayi na ɗaya a Amurka ba ko sau ɗaya a duk kakar. Faifan da ake nunawa a manyan allunan IMAX tsawonsa kusan kilomita 18, nauyinsa kimanin kilo 270, kuma gidaje 30 ne kawai a duniya suka nuna shi a haka. Mutane sun riƙa hawa jirgi don su kalla. Masu ƙorafi sun ce bayan fashewar bam ɗin gwaji sauran awa gudan zaman tuhuma ne mai gundura. Ban yarda ba. Nan ne fim ɗin yake, inda ƙasa ta gama amfani da mutum ta juyo kansa. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne bai nuna mutanen Hiroshima da Nagasaki ba. A Japan barkwancin haɗa Barbie da hayaƙin bam ya ɓata rai har Warner ya nemi afuwa, kuma Oppenheimer bai isa can ba sai Maris 2024, watan da ya kwashi Oscar bakwai.

Jaruman fim ɗin ma ba su kalle shi a bikin buɗewa na Landan ba. Sun tashi sun fita saboda ƙungiyar 'yan wasa na shirin shiga yajin aiki, wanda ya fara ranar 14 ga Yuli ya ɗauki kwana 118. Marubuta sun riga su tun 2 ga Mayu. Rigimar a kan kason kuɗin finafinan intanet ce da kuma tsoron a maye gurbinsu da ƙirƙirarriyar basira.

Waɗanda suka sha kashi a wannan bazara su ne waɗanda aka fi yi wa ganga. Shugabannin Warner sun yi watanni suna cewa The Flash na cikin mafi kyawun finafinan jarumai da aka taɓa yi. A mako na biyu cinikinsa ya faɗi da sama da kashi 70, ya tsaya kusa da dala miliyan 270. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Indiana Jones na biyar, da Harrison Ford mai shekara 80, ya ci kimanin miliyan 300 wajen aiki ya dawo da 384. Wanda ya fi ba ni tausayi Mission: Impossible ne. Tom Cruise ya tuƙa babur ya faɗa daga kan dutse a Norway da kansa, masu sharhi sun yaba, 'yan kallo sun ba da A, amma kwana tara da fitowarsa Oppenheimer ya karɓe allunan IMAX, Barbie ya kwashe sauran jama'a. Kalanda ce ta kayar da shi. Elemental na Pixar kuwa akasin haka: ya buɗe da ƙasa da miliyan 30, jaridu suka rubuta ta'aziyya, sai iyaye suka yi ta gaya wa juna, Koriya ta Kudu ta rungume shi saboda daraktansa Peter Sohn ɗan baƙi ne da suka yi ƙaura daga can kuma labarin iyayensa ya zuba a ciki. Ya ƙare dab da miliyan 500.

Shin ko kun san a cikin Amurka wani fim na dala miliyan 14.5 ya fi Indiana Jones da Mission: Impossible ciniki a wannan shekara? Sound of Freedom ne, kan safarar yara, wanda aka gama tun 2018 ya maƙale bayan Disney ya sayi Fox. Ƙaramin kamfanin Angel Studios ya fito da shi ranar 4 ga Yuli da wata dabara: wanda ya kalla ya biya wa wani tikiti. Ya tara kusan miliyan 184 a gida. Masu aikin yaƙi da safarar mutane da dama sun ce ya karkatar da hankali, don yawancin yaran da ake cuta ba baƙo ne ke sace su a titi ba, wanda suka sani ne. Talk to Me kuma wasu tagwaye ne 'yan Ostireliya, Danny da Michael Philippou, da suka koyi aiki a YouTube, suka yi shi da miliyan 4.5 ya haura 90. Past Lives na Celine Song, labarin abokan ƙuruciya biyu daga Koriya da suka sake haɗuwa a New York bayan macen ta yi aure, da gidaje huɗu ya fara. Ba harbi, ba bos, mijin ma mutumin kirki ne. Ya kai ga takarar Oscar ta gwarzon fim, kuma in aka ce in zaɓi ɗaya daga wannan bazara in sake kallo, shi zan ɗauka.

Fim mai zaman kansa, wato wanda aka haɗa kuɗinsa ba tare da manyan kamfanoni biyar ba, Disney da Warner da Universal da Paramount da Sony, ya daɗe yana yi wa manya kutse. A 1989, mako guda bayan Batman, Spike Lee ya saki Do the Right Thing. Universal ne ya raba shi, amma ɗan ƙaramin aiki ne na kimanin miliyan 6, kan rana mafi zafi a wata unguwar baƙaƙen fata ta Brooklyn. Wasu masu sharhi sun yi hasashen zai tayar da tarzoma. Ba a yi ba. Shi ne fim ɗin da Barack Obama ya kai Michelle kallo a fitarsu ta farko. The Blair Witch Project na 1999 da kimanin dala 60,000 aka ɗauke shi cikin kwana takwas a dajin Maryland, aka baza cewa jaruman uku sun ɓace da gaske, ya tara kusan miliyan 250. A 2024 jaruman suka fito fili suna neman a biya su haƙƙinsu. My Big Fat Greek Wedding na 2002 bai taɓa zama na ɗaya ba ko mako guda, amma ya yi kusan shekara a sinima ya tara miliyan 241 a Amurka a kan jarin miliyan 5.

Kuma daga wannan ƙaramar kasuwa manyan ke ɗebo ma'aikata. Nolan ya yi fim ɗinsa na farko, Following, da kusan dala 6,000, yana ɗauka ranakun Asabar saboda kowa na da aikin yi. Gerwig daga ƙananan finafinai ta taso. Ryan Coogler ya yi Fruitvale Station a 2013 da ƙasa da miliyan ɗaya kafin a miƙa masa Black Panther. Colin Trevorrow daga fim na dala 750,000 aka ɗauke shi aka ba shi Jurassic World. Wani ya tsira da muryarsa, wani injin ya haɗiye shi.

Shin ko kun san kowace ƙasa da kakarta? A Indiya Sallah da Diwali ne, kuma Salman Khan ya mayar da ƙaramar Sallah tamkar gadonsa: Wanted a 2009, Dabangg a 2010, Bodyguard, Ek Tha Tiger, Kick, Bajrangi Bhaijaan, har Sultan a 2016. Da Tubelight ya kife a 2017, rahotanni sun ce sai da ya mayar wa dillalai wani ɓangare na kuɗinsu. Kannywood ma ta daɗe tana ajiye manyan finafinanta don Sallah. A kudancin Najeriya Disamba ce: A Tribe Called Judah na Funke Akindele, da ya fito a Disambar 2023, shi ne fim ɗin gida na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a sinima.

Bazarar 2024 ta ba Inside Out 2 kusan dala biliyan 1.7, Deadpool & Wolverine sama da 1.3, ta kuma kunyata Furiosa, wanda masu sharhi suka so amma da ƙyar ya tara abin da aka kashe masa. Kevin Costner ya zuba miliyoyin aljihunsa a Horizon, kashi na farko ya faɗi a Yuni, aka janye na biyu daga jadawalin Agusta. A 2025 F1, da Brad Pitt da Damson Idris, ɗan Landan mai iyaye 'yan Najeriya, ya haura miliyan 600. An ɗauke shi a filayen tseren mota na gaske, direban tsere Lewis Hamilton na cikin furodusoshi. Weapons na Zach Cregger, da aka yi da miliyan 38, ya wuce 250. A ƙarshen Agusta kuma wani katun na Netflix, KPop Demon Hunters, wanda yara suka riga suka haddace a gida tun Yuni, aka kai shi sinima kwana biyu kacal don su rera waƙoƙin tare, ya hau na ɗaya. Netflix bai fitar da alƙaluman ba. Abokan hamayyarsa ne suka ƙiyasta kimanin dala miliyan 18.